Tsokar Mai Wankan Gawa

Ni ba na son ɗalibi mai tausayi. Na faɗa a aji, na faɗa a taron malamai, yanzu kuma ga shi ina rubutawa. A ba ni malalaci, zan miƙar da shi tsaye. A ba ni mai taurin kai, mu zuba ni da shi mu ga wanda zai gaji. Amma mai tausayi, wanda za a aika asibiti ya karɓo aiki ya dawo da jajayen idanu, wannan kaya ne kawai aka ɗora mini. Shekara ashirin da ɗoriya ina horar da masu digiri na biyu da na uku a kan ciwon daji a nan Kumasi, kuma duk cikinsu babu wanda ya ɓata mini rai kamar wata yarinya 'yar unguwar Tafo.

Na ce yarinya, amma lokacin ta kusa talatin, tana shekara ta uku a digirin dakta. Iyayenta daga arewa suka gangaro, ubanta mai walda ne. Ni kuwa 'yar unguwar Alabar ce, kakannina fataucin goro ya kawo su, kuma ba na ɓoye cewa ina jin kaina da wannan. Hausarta irin ta Tafo ce, kowa a bakinta namiji ne, har uwarta, sai da na gyara mata baki. Na ɗauke ta don abu biyu. Hannunta ba ya rawa a kan aiki, sannan matan Zongo, unguwanninmu na Hausawa, suna buɗe mata ciki. Ni sun daina buɗe mini tun da na dawo daga karatu a waje. Sai dai "Dakta, sannu, Dakta, ya aiki," suna jira in wuce su ci gaba da zancensu.

Aikinmu a kan sankarar mama ne. Tana kama matanmu da ƙuruciyarsu, tana zuwa da zafi, su kuma ba sa zuwa asibiti sai sun gama shan rubutu da shafa ganye. Muna son sanin me ke cikin tsokar da ya sa take gudu haka. In likita ya cire nono, yakan yanko mana ɗan guntu daga cikin ƙarin, bai fi ƙwayar gyaɗa biyu ba. A sa a 'yar kwalbar roba, a tura cikin ƙanƙara, a kawo firizarmu. Sauran asibiti ke riƙewa, su duba abin da za su duba, sannan ya tafi tanderun da suke ƙona irin wannan. Ba wanda ke tambayar inda ya tafi. Mutanenmu sun ɗauka binnewa ake yi, ni kuma ban taɓa ganin dalilin da zai sa in bi gida-gida ina gyara musu zato ba.

Doka ta farko da nake koya wa duk wanda ya shigo hannuna ita ce suna ba ya shiga ɗakin bincike. Lamba ke shiga. Ɗaliba ta kawo kwalba da takardar mai ita, ni zan shiga ofis in rufe ƙofa, in liƙa lamba, in rubuta sunan da lambar a littafi ɗaya tak, in sa a durowa in kulle. Makullin yana jakata. Daga nan ko wadda ta kawo kwalbar ba ta san wacce ce ta wa ba. Haka ake yi ko'ina a duniya, don kada a ji sirrin mara lafiya, don kuma kada son zuciya ya shiga sakamako. Doka ce mai kyau, har gobe ina kan ta.

Akwai kuma takardar yarda, wadda mace za ta dangwala wa yatsa kafin a ɗauki namanta. Ni na rubuta ta, tare da Turawan da muke haɗin gwiwa da su. A ciki an ce mace tana iya janyewa duk ranar da ta ga dama, kuma abin da ba a riga an yi aiki da shi ba za a lalata shi. Ba a ce za a mayar mata ba. Ina sane lokacin da nake rubutawa. Na tashi a gidan da ake tona rami a binne mabiyiya, kakata ko farce ta yanke sai ta tura shi cikin ƙasa. Amma in tsaya gaban oburoni, Turawan nan, ina bayanin cewa matanmu za su so a ba su guntun ƙari su kai maƙabarta? Su kalle ni da wannan murmushin nasu na "abin sha'awa"? Haba. Ban sa ba.

Na ja wa yarinyar kunne ya fi sau goma: ki fassara abin da ke takarda, kada ki ƙara ko wasali.

Wata Litinin da safe ta shigo ofishina ta tsaya, ba ta zauna ba. Ta ce, "Madam, Mma ta aiko a kira ni jiya."

Na san wadda take nufi. Mma tsohuwa ce a layinmu na Alabar, ita ke wankan gawar mata a wannan ɓangaren tun ina 'yar makaranta. Baki gare ta, ba ta ragawa kowa, yara na ganinta su canja hanya. An yi mata aiki wajen wata takwas kafin nan, ni da hannuna na rubuta sunanta a littafin.

"Ciwon ya dawo," in ji yarinyar. "Ya shiga ƙashi. Ta ce tana son namanta."

"Wane nama?"

"Wanda muka ɗauka."

"Ta yi miya da shi?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce Mma tana so a binne shi tun tana raye, ta tabbata ya shiga ƙasa. Ta tambayi asibiti sauran, an yi ta juya ɗanta daga wannan ofis zuwa wancan har wata nas ta ce masa ya haƙura. Ɗan bai gaya mata gaskiya ba, ya ce mata sun binne. Saura namu.

Na ce, "Ki je ki karanta mata takardar da ta dangwala. Ba mu mayarwa."

Sai ta sunkuyar da kai. Nan na gane. Wallahi tun kafin ta buɗe baki na gane.

"Ranar ta ƙi dangwalawa, Madam. Ta riƙe hannunta ta ce, in kun gama za ku dawo mini da shi? Na ce e."

Abin da na gaya mata ranar ba zai rubutu duka ba. Na ce mata sakarai. Na ce uban wa ya ba ki izinin yi wa ɗakin bincikena alkawari? Na ce shekara uku ina zuba miki karatu ashe a rariya nake zubawa. Na ce in kwamitin kula da haƙƙin marasa lafiya ya ji cewa ɗalibata tana faɗa wa mata abin da ba ya cikin takarda, ba ke kaɗai za a kora ba, firizar gaba ɗaya za a rufe. Ta tsaya tana shan zagi, hawaye na zuba, ba ta share ba. Da na yi shiru in numfasa sai ta ce, "Madam, ai abin nata ne."

Ka ji fa. Abin nata ne. Kamar ni ban sani ba.

Bari in faɗi abin da ke raina, don kada a ce mugunta ce tsagwaronta. Na san Zongo. Yau ka miƙa wa Mma kwalbarta, kafin la'asar maganar ta kai bakin famfo, kafin Juma'a an yi ta a gidan suna a Ashanti New Town. Mako mai zuwa za ka ga mata sun yi layi a ƙofata, kowacce da ɗanta ko ƙaninta, a ba mu namu. Firiza ta koma fayau. Kwalaben nan ɗaya-ɗaya aka tara su, shekara uku, ana dumso, wuta na ɗaukewa, ina tsaye kan mai janareta kamar zan cinye shi don kada su narke. Digirin yarinyar nan a kansu yake zaune. Ƙarin Mma kuma irin mai zafin nan ne da muka fi nema, ba mu da irinsa da yawa. Ita wawiyar tana kuka a kan tsohuwa, ba ta ga cewa ƙafarta take sara ba.

Sai na sassauta murya. Na ce to, komai da ƙa'ida. Ba na buɗe durowa a kan maganar baki. Ki rubuto takardar janyewa, Mma ta dangwala, ɗanta ya sa hannu a matsayin shaida, ki kawo. Sai mu ga abin da za a yi.

Ta ce ɗan direban babbar mota ne, ya yi arewa da kaya, sai Alhamis.

Na ce Alhamis ba nisa.

Ta yi mini godiya. Har da ɗan rusunawa. Wannan godiyar ta fi komai ba ni haushi.

Tana fita na kulle ƙofa, na ciro makulli, na buɗe littafin, na ga lambar Mma. Kowace Talata ake fitar da kwalabe shida daga firiza a yi aikinsu, kuma ni ke rubuta jerin. Na riga na rubuta na wannan makon. Na soke ta huɗu na sa lambar Mma a gurbinta. A gefe na rubuta: a yi amfani da duka.

Takarda ta ce abin da ba a yi aiki da shi ba. In an yi aiki da shi, magana ta ƙare. Ban karya doka ko ɗaya ba, ku je ku tambayi duk wanda kuke so.

Akwai wani ƙaramin Dakta a hannuna lokacin, ɗan Asante, ya gama digirinsa na uku yana ƙarin horo a wajena kafin ya kama gashin kansa. Shi ke fitar da kwalabe daga firiza. Ya zo da jerin a hannu ya ce da Turanci ya ga an canja ta huɗu, ko kuskure ne? Na ce kai ne shugaba yanzu? Ya dube ni, ya dubi takardar. Ya ji ihun da na yi da safe, ofishina ba shi da kauri, kuma ba jaki ba ne, ya haɗa lissafin. Ya ce, "Yoo, Madam," wato to, ya juya. Takardar shaidar da zai nemi aiki da ita a hannuna take. Daga baya ya riƙa yi mini kallon mai tsarki, yana gaishe ni da ƙyar. Ni ban ga abin da ya fi ni da shi ba. Ya sani ya yi shiru, kuma da hannunsa ya ciro kwalbar.

Da na so, da shi na sa ya yi aikin ranar. Amma Talata ranar yarinyar ce tun farkon shekara, in na canja za ta tambayi dalili. Na bar shi a yadda yake.

Ga yadda ake yi. Akwai ɗan turmi na tangaran da 'yar taɓaryarsa, girman na dakan yaji na teburi. A zuba wani ruwa mai tsananin sanyi da ke tashin hayaƙi, a jefa tsokar, ta ƙanƙare kamar dutse, a daka har ta zama gari. Garin a narkar da shi cikin magunguna, a juya a inji, a tace, a sake tacewa. A ƙarshe abin da muke nema, wato abin gadon da ke cikin ƙwayoyin naman, yana fitowa cikin ɗigon ruwa fari tas a gindin kwalba. Duk sauran, tuƙar da ruwan wankin da safar hannu, a jefa a jar leda. Laraba ake kwashe jar leda a kai tanderu.

Na shiga ina zagayawa kamar yadda na saba. Tana kan ta huɗu. Ta ɗago ta ce, "Madam, an rubuta duka. Ba za mu rage rabi ba?" Don ni na koya mata kullum a rage rabi saboda gaba.

Na ce, "Kin iya karatu ko ba ki iya ba?"

Ta juye duka a turmin. Na tsaya a bayanta har ta gama. Ba zan ce ban ji komai ba. Amma na kalli hannunta, wallahi ko gezau, dakan nan lumui, babu ɓarɓashin da ya yi tsalle. Na ce a raina, ga abin da nake nufi, in ba ta san na wa ba ne aikinta ba na biyu. Har tana ɗan waƙe-waƙe ƙasa-ƙasa, don a ganinta an sasanta, Alhamis na zuwa.

Juma'a da safe ta kawo takardar, ga dangwalen Mma shuɗi, ga sa hannun ɗan. Ta zo da ƙaramar kula da ƙanƙara a ciki, ta ajiye a ƙofar ofis. Na karanta takardar a hankali har ƙasa. Na buɗe durowa a gabanta, na buɗe littafin, na faɗi lambar. Na ce ta duba littafin aikinta ta ga ko tana firiza.

Ba ta ma buɗe ba. Lambobin makon suna cikin kanta.

Ta ce, "Ta huɗu."

Na ce, "Ayya. To an riga an yi aiki da ita. Abin da takarda ta ce…"

"Litinin na gaya miki."

"Jerin an daɗe da…"

"An soke ta huɗu an sake rubutawa. Na gani. Na ɗauka kuskure kika gyara." Muryarta ba ta tashi ba. "Jar ledar fa?"

"Yau Juma'a."

Ta dubi hannayenta, ciki da baya. Na jira ta yi kuka in samu abin kamawa, ba ta yi ba. Ta ce, "Gobe za ki bi ni gidan Mma."

Na ce ni za ki ba umarni? Ke wa?

Ta ce in ban je ba, Litinin za ta kai littafin aikinta da jerin gaban kwamiti, ta fara da faɗin laifinta na alkawari, a kore ta, sannan ta faɗi sauran. Na kalle ta na ga za ta aikata. Irin mutanen nan da ba su damu su ƙone rigarsu ba in dai taka za ta kama, su ne mafi haɗari a wurin aiki. Shekara uku ina ciyar da ita ilimi, ga sakayyar.

Asabar da hantsi muka je. Na ƙi ɗaukar ta a motata, ta hau trotro, motar haya, muka haɗu a bakin layi. Na tsallake kwatar da na tsallaka dubun sau ina yarinya. A tsakar gidan mata na wanke ganyen dafa waakye, shinkafa da waken nan, wata na kwashe koko, rediyo na wa'azi. Suka ce "Dakta, maraba," suka bi kular da ke hannun yarinyar da ido. Kowa a gidan ya san abin da aka ce za a kawo.

Mma na kwance a kan katifa a ƙasa, an tokare ta da filo. Ta rame har na kusa kasa gane ta, amma idon yana nan. Ɗanta na zaune a kan benci bakin ƙofa. A gefen filon akwai ɗan farin ƙyalle, faɗin tafin hannu biyu, an ninke shi, an ɗora zare a kai. Ɗan ya ce ya riga ya yi magana da masu haƙa a maƙabartar Tafo, sun ce ya kawo bayan azahar, ba wani abu ba ne.

Na gaishe ta. Ta amsa, ta ce, "'Yar gidan goro, yau ke ce da kanki? Lallai namana ya yi daraja."

Yarinyar ta durƙusa ta buɗe kula, ta ciro kwalbar ɗigon ruwan. Ni ban san ta ɗauko ta ba, kuma ba da izinina ba. Ta sa wa Mma a hannu.

Mma ta ɗaga ta saitin taga, ta juya, ta girgiza. Ta ce, "Wannan ruwa ne."

"Mma, abin da aka ciro daga cikinsa ne."

"Nama na ba ki. Ina naman?"

"An daka shi."

"Wa ya daka?"

"Ni."

Ɗan ya miƙe tsaye, Mma ta ɗaga masa yatsa ya koma ya zauna. Ta ce, "To garin fa? Ko gari ne a kawo, ƙasa ba ta ƙi."

Yarinyar ta kasa. Na ga in na bar ta za mu kwana a nan, kuma ni ba na son jan rai. Na ce, "Mma, an ƙone. Haka dokar aiki take, duk abin da ya rage ƙonawa ake yi. Na asibiti ma haka aka yi da shi."

Ɗan ya ce, "Haba Dakta!" Sai a lokacin na tuna ƙaryar da ya yi mata. Oho, ni ban aike shi ba.

Mma ta dubi ɗanta. A waje an rage rediyo. Sannan ta ce, "Shekara arba'in ina wanke matan layin nan. Gashin da ya zube a hannuna ina tsefe musu kai, ba na yarwa, sai na tattara na mayar cikin likkafani. Na uwarki ma na mayar. Sili-sili na tsince shi daga kan tabarma." Ta numfasa. "Ni kuma wuta."

Ta juya wajen yarinyar. "Yaushe kika daka?"

"Talata."

"Bayan na aiko."

"E, Mma."

"Kin san nawa ne?"

"Ban sani ba. Lamba ce a jiki, ba suna."

"To wa ya sani?"

Yarinyar ba ta dube ni ba, in ba ta haƙƙinta. Ƙasa ta kalla. Amma ɗakin mutum huɗu ne, kuma Mma ba yarinya ba ce. Ta juyo da idon nan kaina. Na fara bayani. Na ce Mma, aikin nan don jikokinki ne, don a gano maganin abin da ke cinye ku. Na ce takardar da kika dangwala ta faɗi komai. Ina jin muryata irin wadda nake yi wa Turawa, na kasa sauke ta.

Ta bari na gama. Ta ce, "Da kin zo kin roƙe ni, wataƙila da na bar miki rabi." Ta miƙa wa yarinyar kwalbar. "Mayar mata da ruwanta. Ban san shi ba." Sannan ta ce da ni, a hankali, kamar mai faɗin farashin tumatir, "Allah ya isa tsakanina da ke."

Na tashi na fita. Matan tsakar gida ba wadda ta ce Dakta. Na taka ruwan wanki da takalmina na wuce, raina na tafasa, ina cewa a zuci tsohuwar banza, ke da kika ƙi zuwa asibiti sai da abu ya ruɓe, yanzu ni ce abokiyar gabarki. Har na isa mota ina zaginta. Na sa makulli, amma sai da na zauna kusan minti goma sha biyar kafin na tayar.

In gama da zancen digiri, tun da don shi aka yi. Layin da na ji tsoro bai zo ba, mutum biyu kawai suka aiko, na ba su nasu ba gardama. Abin da ya faru shi ne sababbi suka daina dangwalawa, kusan shekara ba mu sami kwalba ɗaya daga Alabar ba. Yarinyar ta gama da abin da ke hannu. Lambar Mma ta cire ta daga kowane shafi, na ce ta mayar, sakamakon yana da kyau, ta ce ba za ta mayar ba, in ga dama in ƙi sa hannu. Na sa hannu. Aikin ya yi kyau, ni na koya mata. Takardar yarda kuma an sake ta, yanzu akwai layin da ke tambayar mace ko tana son a mayar mata da abin da ya rage. A taron da aka amince da shi har yaba mini aka yi, wai na san al'adar mutanena.

Mma ba ta kai wata ba bayan zuwanmu. Na ji sanarwar daga lasifikar masallaci ina shirin fita aiki. Ban je gaisuwa ba, ban je addu'ar uku ba. Na aika da buhun shinkafa, aka dawo mini da shi a tasi.

Kwana biyu da binnewa yarinyar ta shigo ofis karɓar jerin Talata. Na miƙa mata. Ta karɓa ta tsaya. Na ce lafiya?

Ta ce kullum tana zuwa wajen Mma bayan an tashi aiki, har ranar ƙarshe. Ta ce, "Ni ta yafe mini tun ranar. Na roƙe ta ta yafe miki."

"Wa ya aike ki?"

"Ba kowa."

Na ci gaba da jera takardun da ke gabana. Ba na son in tambaya. Na tsani yarinyar nan a wannan minti fiye da kowane lokaci, don ta san zan tambaya, ta tsaya tana jira.

Na ce, "Me ta ce?"

"Sau uku na roƙa, rana daban-daban. Na farko ta yi shiru. Na biyu ta yi shiru."

"Na ukun fa?"

"Ta ce in gyara mata filo."

Na ce ta ja mini ƙofar in za ta fita.